Turaren Yaya

Ranar da Auta ta fara amai, ba wanda ya kalli jarkar da ke ɗakin baya. Cikinta kowa ya kalla.

Anti tana baranda tana guga ta jiyo kakarin. Ta kafe dutsen guga a gindinsa ta zagaya, sai ga ƙanwar mijinta durƙushe a bakin magudana, hannu ɗaya dafe da bango, gumi ya jiƙe mata wuyan riga. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa mata.

"Maigida ƙarami, lafiya? Ko girkina ne ya fara yi miki yawa?"

Auta ta kuskure baki, ta yi ƙoƙarin murmushi. Tun zuwan Anti gidan suke wannan wasa, ita tana ce mata matata, Anti tana ce mata maigida ƙarami.

"Ba komai, matata. Turaren Yaya ne ya hau mini kai. Yanzu zai sauka."

Anti ta juya, sai ta hango surukarta. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, carbi ya tsaya cak a hannunta, idonta yana kan cikin 'yarta. Anti ta gane kallon, kuma abin da ya fi damunta daga baya shi ne, ita ma irin kallon ta yi.

Sana'a ɗaya ce take riƙe da gidan, wato wankin manyan kaya waɗanda ruwa da sabulu ke ɓatawa: kwat, rigunan amare, labulen otal. Maigidan ya raɗa wa kansa suna Manaja tun yana da dutsen guga ɗaya tal, sunan kuwa ya bi shi. Shi yake yawo da mota yana karɓo kaya yana mayarwa. Anti ke guga da ninki. Auta kuwa, da aurenta ya mutu ta dawo gida wata takwas da suka wuce, sai yayanta ya ce zaman banza ba nata ba ne, ya ba ta ɗakin baya, wurin cire tabo.

Ɗakin bai fi tabarma uku ba. Akwai tebur, da kwanon silba, da buroshi, da tsummoki, da wata shuɗiyar jarka a lungu. Abin da ke cikin jarkar fari ne tas kamar ruwan sha, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, shi ya sa Auta ta sa masa suna turaren Yaya. In ya taɓa maiƙo ko janbaki ko fenti, kafin ka ƙifta ido tabon ya tafi. Auta takan tsiyaya shi a kwano, ta tsoma tsumma da hannunta, ta duƙa a kan tufa tun safe har la'asar. Yatsunta sun yi fari fat sun tsattsage kamar na mai aikin siminti.

Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma Manaja ya buga mata katako da ƙusa. Dalilansa uku, kuma ya iya jera su: ƙura tana ɓata rigunan mutane, maƙwabta sun fara tsegumin wari, sannan akwai mai wanki na tsallaken titi, wanda a cewarsa hancinsa ya fi na kare, da ya shaƙa zai gane abin da suke amfani da shi. Saboda wannan mai wankin ne ma duk jarkar da ta shigo gidan sai Manaja ya sa reza ya ɓare takardar da ke manne a jikinta. Sirrin sana'a ne, in ji shi, ko matarsa ba ta san sunan abin ba.

Da yamma Inna ta kira Anti ɗakinta, ta sa ta tura ƙofa.

"'Yar nan, ke ce kike tare da ita wuni. Wa yake zuwa wurinta?"

"Wallahi Inna ban taɓa ganin kowa ba. Ina ma ta ga lokacin? Daga ɗakin baya sai shimfiɗa."

"Ruwa ba ya tsami banza. Mace ba miji, ga amai da safe, ga kasala, ga ƙin abinci. Ni na haifi bakwai, ba za a koya mini ba."

"To ko a kai ta asibiti a duba?"

Inna ta zaro ido. "Asibiti? A je a tona mana asiri a gaban duniya? Matar mai shagon kan kwana a can take shara. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu. Ki dai sa mata ido."

Anti kuwa ta sa. Ba abin alfahari ba ne, amma ta yi. Ta riƙa kasa kunne in wayar Auta ta yi ƙara, ta riƙa leƙen igiyar shanya, har ƙugun yarinyar take aunawa da ido in ta wuce. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda bai zama ba. Kwana biyar tana wannan aikin ɗan sanda, ba ta kama komai ba sai rama. Mai ciki ƙaruwa take yi, Auta kuwa zanenta sai da ta ƙara masa ɗauri.

A rana ta shida ta kasa daurewa. Ta same ta a ɗakin baya, ta tsaya daga bakin ƙofa, don ita da ta shiga kanta ke sarawa.

"Auta, tsakanina da ke. In akwai wani abu ki gaya mini, mu san yadda za mu yi tun da wuri."

Auta ta ɗago a hankali. Ta daɗe tana kallonta kafin ta gane inda maganar ta dosa. Sai ta ajiye buroshin.

"Har da ke, Anti?"

Ba ta ce matata ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

"Na ga yadda Inna take kallona, na ce tsufa ne. Ashe taro kuka yi. To ba ni da komai sai ciwon kai da ciwo a nan." Ta dafa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. "In kun gama lissafin watannina, ku taimaka ku sayo mini magani."

Anti ta fita da kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta je wurin mai kemis ta ce ciwon kai, ya ba ta farasitamol. Auta ta riƙa haɗiya biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, wani lokacin ta ƙara, don kawai ta iya tsayuwa a gaban tebur.

Sai jarka ta ƙare, mai kawowa kuma ya yi jinkiri kwana uku. Manaja ya yi ta zirga-zirga yana masifa a waya, amma Auta ta samu sararin zama a baranda tana taya Anti ninki. A kwana na biyu ta ci abinci har ta nemi ƙari. A na uku ta yi dariya, ta ce wa Anti gugarta ta fara tsufa, za ta ƙaro mata abokiyar aiki. Inna ta ce ai ga shi nan, dama laulayi haka yake, yana zuwa yana tafiya.

Anti kuwa, wani abu ya fara yi mata kai-kawo a zuciya.

Ranar da sabuwar jarka ta iso, tana daga bayan labule tana kallon mijinta. Ya sauke ta daga mota, ya ciro hankici ya ɗaure hancinsa, ya sa safar roba, sannan ya tsuguna da reza. Bai yaga takardar ba. A hankali ya ɓare ta, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya kinkimi jarkar ya kai ɗakin baya yana riƙe da numfashi, ya fito da sauri kamar wanda aka koro, ya tsaya tsakar gida yana shaƙar iska.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da take da cikin 'yan biyunta, shi da bakinsa ya ce ko ƙofar ɗakin kada ta kusanta. Yaran nan har yau in ƙwallonsu ya gangara wajen, sai ya daka musu tsawa. Kyanwar gidan, wadda ba ɗakin da ba ta kwana, ba ta taɓa taka wannan ba. Kuma duk gidan ana fama da kyankyasai, ban da ɗakin baya.

Bayan ya ci abincin rana ta tare shi.

"Baban Biyu, wannan ruwan na jarka, ba ya cutarwa kuwa?"

Ya ɗago daga wayarsa. "Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Na ga da ya ƙare Auta ta warware."

"To likita. Shekara nawa ina aiki da shi? Na mutu?"

"Ai kai ba ka zama a ciki. Kuma na ga kana ɗaure hanci."

"Mura nake yi." Ya ture kwanon. "Kin ga, ki kiyaye ni. Yarinyar nan tun tana ƙarama raguwa ce, shi ya sa ma ta kasa zaman aure. Na ɗauke ta na ba ta sana'a, ci da sha da wurin kwana, wa zai yi mata haka? Da wannan ruwan kike ci, da shi 'ya'yanki ke zuwa makaranta. In kin gaji da ƙoshi ki faɗa mini."

"Ko tagar ce a buɗe mata."

"In ƙura ta hau rigar amaryar mutane, ke za ki je ki ba da haƙuri?"

Anti ta kwashe kwanuka. Ta san halinsa, in ya ɗaga murya to an taɓa inda yake masa ƙaiƙayi. Amma ta ce a ranta bari ta ƙara gani. Wannan ƙara ganin shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba har yau.

A makon ne otal ya aiko da labule arba'in da shimfiɗun tebur, duk maiƙo, ana so kafin Asabar. Auta ta koma ɗaki, har da rufe ƙofa, don Manaja ya ce iska tana busar da ruwan kafin ya yi aiki. Ran Talata amai ya dawo. Ran Laraba Anti ta ga fitsarin da Auta ta bari a bayan gida ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Ran Alhamis da safe suka haɗu a bakin famfo, rana ta haske fuskar Auta, sai Anti ta saki bokiti. Farin idon nan ya koma ruwan ɗorawa.

"Inna! Ku zo ku ga idon Auta!"

Inna ta zo ta buɗe idon da yatsa, sai ga ta tana hamdala. Wallahi hamdala ta yi, don a wurinta ciwo ya fi abin kunya sauƙi.

"Shawara ce. Alhamdu lillahi, shawara ce kawai. Kowa yana yi. A jiƙa mata saiwa ta sha, ta riƙa shan rake, kwana bakwai ta washe."

"Inna, a kai ta asibiti."

Manaja yana ɗaure takalmi ya ce, "A kai ta, wa ya hana? Ran Asabar in na kai kayan otal, da kaina zan kai ta. Saura labule goma sha biyu. Auta, za ki iya ko?"

Auta ta dubi yayanta. Mace ce da aka riga aka gaya mata sau ɗari cewa alfarma ake yi mata, irin wannan kuwa ba ta iya cewa a'a.

"Zan iya, Yaya."

"Kin ji ko? Ita da jikinta ta ce za ta iya."

Anti ta ce ita za ta karɓi aikin. Manaja ya ce a'a da sauri, saurin da ya sa ta ƙara kallonsa. Wai ita ba ta iya ba, za ta ƙona wa mutane kaya.

Ran Juma'a da hantsi Anti ta lura ta daɗe ba ta ji ƙarar buroshi ba. Ta kira, shiru. Ta tura ƙofar, warin ya buge ta har ta ja baya. Auta tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar tebur, kwano ya kife, ruwan ya jiƙe mata zane. Idonta a buɗe, amma ba ta san wa ke gabanta ba.

"Ki ce wa malam na yi aikin gida," in ji ta. "Littafin ne ya jiƙe."

Anti ba ta jira mota ba, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ja ta waje, ta ƙwala wa maƙwabciya kira, suka tare tasi.

Likitar da ta karɓe su mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Aka ɗebi jini, aka sa ruwa. Kafin sakamako ya fito Manaja ya iso da Inna. Likita ta kira su ofis su uku.

"Hantarta ce take gazawa, kuma da sauri. Mun gwada ƙwayoyin cutar da suka saba kawo shawara, babu ko ɗaya. Irin wannan, wani abu ne ya shiga jikinta. Me take sha?"

Anti ta faɗi farasitamol da adadinsa, ta faɗi jiƙon Inna. Likita ta rubuta, ta ce wannan ya ƙara wa wuta mai, amma tana zaton akwai wanda ya kunna ta.

Inna ta matso, ta rage murya. "Likita, ba ciki ba ne dai ko?"

"Babu ciki, Mama. Mun duba." Ta juya. "Na ga hannuwanta. Wane aiki take yi?"

"Wanki," in ji Manaja.

"Da me?"

"Sabulu da ruwa. Sai ɗan abin cire tabo, irin na kasuwa."

"Mene ne sunansa?"

"Wallahi ban riƙe ba. Ba shi da wani suna, haka ake sayar mana."

Likita ta cire gilashinta. "Malam, ba tuhumarka nake yi ba. Likitoci sun yi bincike a kan masu aiki da wasu sinadaran narkar da maiƙo, an ga akwai waɗanda in mutum ya daɗe yana shaƙa a rufaffen wuri, ko suna taɓa fatarsa, suna iya kashe hanta cikin 'yan makonni. Ba duka ne iri ɗaya ba, kuma ba duka ake bi da su hanya ɗaya ba. Ina bukatar sunan."

"Zan bincika," in ji shi, yana kallon kalandar bango.

Anti ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya tana aure da mutumin nan, ta san yadda yake ƙarya: sai ya nemi wani abu a bango ya kafa masa ido.

Da suka fito ya ce zai je ya sayo allurar da aka rubuta a kemis ɗin asibiti, ya ba ta makullin mota ta ɗauko wa Inna ruwa. Ta buɗe motar, ta zauna a kujerar gaba. Ta tuna yadda ya ninke takardar nan bai yaga ba. Mutumin da ko sunan unguwa sai ya duba rubutu, ba zai iya riƙe dogon sunan Turanci a ka ba, dole yana nuna wa mai sayarwa wani abu. Ta buɗe aljihun mota. Ƙarƙashin takardun mota akwai wata ambulan, a ciki takardu shida, duk iri ɗaya.

Ba ta iya karanta sunan ba, ya yi tsawo. Amma ba ta bukaci karatu ba. Ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, cikin jan layi. Ga hoton mutum da wani abu kamar tauraro yana fashewa a ƙirjinsa. Ga ƙaramin hoton fuska da abin rufe hanci, ga na safar hannu, ga na taga a buɗe.

Tana fitowa suka yi kiciɓis da Manaja.

"Me kika ɗauka? Ba ni."

Ta sa ambulan ɗin cikin rigarta. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baban Biyu."

"Ke mahaukaciya ce? In kika kai, hukuma za su zo su rufe mana wuri. Su ce na kashe ta. Kina so 'ya'yanki su tashi ubansu yana kurkuku?" Muryarsa ta karye. "Wallahi ban san zai kai haka ba. Duk abin da Bature ya yi sai ya zana masa ƙoƙon kai, ko maganin sauro akwai. Na ɗauka ciwon kai ne kawai, ya wuce."

"Shi ya sa ka hana ni shiga da ciki?"

Ya kawar da kai.

"Ka san wanda za ka tsare, ka san wanda za ka tura. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke da ita."

Ya miƙo hannu, ta goce. Mutane sun fara tsayawa suna kallo, shi kuwa ba abin da yake tsoro kamar idon mutane. Ta wuce shi ta hau bene.

Likita ta karanta takardar, ta yi waya, ta canja wasu magunguna. Anti ta tambaye ta ko yanzu za ta tashi. Likita ba ta yi mata ƙarya ba.

"Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu. Hanta tana da haƙuri, in an raba ta da abin da ke cutar da ita da wuri takan farfaɗo. Yaushe ta fara amai?"

"Yau kwana goma sha tara."

Likita ta mayar da gilashinta.

Kwana uku Auta ta yi a gadon nan. Jikinta ya zama ruwan ɗorawa har tafin hannu, cikinta ya kumbura, wannan cikin da aka yi ta aunawa da ido. Ba ta gane kowa. Hannunta na dama kawai yake aiki, ta kama gefen zanen gado tana murzawa, tana murzawa, kamar mai cire tabo. Inna takan riƙe hannun, da ta saki ya koma aikinsa.

A rana ta uku da hantsi ta buɗe ido, ta dubi Anti sosai.

"Matata."

"Na'am, maigida ƙarami. Ga ni."

"Saura labule nawa?"

"An gama. Duk an gama, ki huta."

"To ki ce wa Yaya a buɗe tagar nan. Zafi."

Tagar ɗakin asibitin a buɗe take, har labule yana kaɗawa. Kafin azahar Auta ta cika.

Masu gaisuwa sun zo sun tafi. Duk wanda ya tambaya, Manaja yakan sunkuyar da kai ya ce shawara ce ta zo da ƙarar kwana. Jama'a su ce Allah ya jiƙanta, ai ka yi mata ƙoƙari, ba kowane wa ne zai riƙe ƙanwa haka ba. Likita ta ce ta aika rahoto inda ya dace, amma har aka kwashe tabarmi ba wanda ya zo. Anti tana jin duk wannan tana haɗiyewa, abin yana cin ta kamar garwashi.

Kwana goma sha biyu da rasuwar, tana baranda ta ga Manaja ya shigo da wata mata. Matar tsohon mai gadin layinsu ce, mijinta ya rasu bara ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Tana tafe tana godiya tun daga ƙofar gida.

"Aikin ba wuya," yana ce mata. "Tsumma ne da buroshi. In kin ji kanki ya ɗan sara, ki sha magani. Taimako ne dai na ga ya kamata in yi miki."

Anti ta kashe dutsen guga. Ta shiga ɗaki, ta ɗaga katifa. Takarda biyar ta ba likita, ɗaya ta ajiye. Ta ɗauki gam da guduma ta nufi ɗakin baya, ta wuce su. Ta sa bayan guduma ta ɓamɓare katakon tagar, ƙusoshin suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, haske ya faɗo a kan teburin da kifaffen kwanon Auta, wanda har ranar ba a ɗaga ba. Ta jawo jarkar har tsakar gida, ta shafa gam, ta manna takardar a daidai inda aka ɓare ta, ta lallatsa da tafin hannu.

"Baiwar Allah, zo ki ga abokin aikinki. Wadda ta riga ki ba a nuna mata ba."

Matar ta matso, ta duƙa, ta kalli ƙoƙon kan. Ta kalli Manaja. Ta gyara mayafinta.

"Alhaji, na gode. Ni kaɗai yaran nan suke da ita." Ta juya ta fita, ba ta ko waiwaya ba.

Manaja ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ga Inna ta taso. Tun rasuwar ba ta fito tsakar gida ba sai ranar. Ta zo tana dafa bango, ta tsuguna a gaban jarkar. Inna ba ta yi boko ba, amma hoto ba ya bukatar malami. Ta sa yatsa ta shafa ƙoƙon kan, ta shafa ƙaramar tagar da aka zana a buɗe, sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin baya da ramukan ƙusa a jikinta.

"Wannan a jikinta yake tun asali?"

"Eh, Inna," in ji Anti. "Da reza ake cirewa."

Inna ta juya ga ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai. Ka ga hoton nan kafin ka sa ta a ɗakin, ko bayan ka sa ta?"

Manaja ya nemi abin kallo a bango. Bangon tsakar gida kuwa ba kalanda, ba komai.

Inna ta daɗe tana jira. Da ta ga amsar ke nan, sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Kwana goma sha tara," in ji ta. "Yarinya tana mutuwa a gabana, ni ina ƙirga mata wata."